Hayaƙin Masana'antu Yana Barin Alama A Cikin Katako?

Tambaya: Malam, ni kafinta ne. An ce mini idan aka sare itacen da ya girma kusa da masana'anta, ana ganin ɓarnar hayaƙi a cikin katakonsa. Haka ne, ko a ganye abin yake tsayawa?

Amsa: Haka ne, sai dai ba hayaƙin ne ke kutsawa cikin katako ya maƙale kamar yadda yake baƙanta bango ba. Daga ganye ɓarnar take farawa. Iskar salfa da ke fita daga ƙona kwal da narkar da ƙarafa tana shiga ta ƙananan ƙofofin da ganye ke numfashi da su, sai abincin da ganyen ke haɗawa ya ragu. To, ƙarƙashin ɓawo akwai wani ɗan siririn sashe mai rai, shi ne ke ƙara sabon itace duk shekara. In abinci ya yi ƙaranci, shi ma aikinsa sai ya ja baya.

A ƙasashen sanyi kowace shekara tana barin zobe ɗaya a jikin itace, don haka abin a bayyane yake. Zobban sukan tsuke, wata shekarar ma ta wuce ba ta bar komai a gindin ba. Abin da ya fi shafarka kuwa shi ne ɓangaren zobe mai duhu da tauri, wanda itace ke yi a ƙarshen lokacin girma. Sau da yawa shi ke raguwa, bangon ƙwayoyinsa ya yi sirara, katako ya rasa nauyin da ya kamata ya yi. Ƙananan bututun da ke ɗaukar ruwa zuwa sama su ma kan ƙanƙance.

A kewayen Norilsk da ke Siberiya, inda ake narkar da ƙarfen nikel, zobban sun nuna girman itatuwa ya faɗi tun shekarun 1960, dazuzzuka da yawa suka mutu. Haka aka gani a tsaunukan iyakar Jamus da ƙasar Cek a shekarun 1970 da 1980. Da aka rage hayaƙin a waɗannan tsaunukan bayan 1990, itatuwan da suka tsira suka koma yin zobba masu faɗi.

Amma kada ka ga siririn zobe ka ce lalle masana'anta ce. Fari ma yana yin haka, ƙwari da cunkoson itatuwa ma haka. Shi ya sa masana ba sa yanke hukunci sai sun gwada da itace irinsa da ya girma nesa da hayaƙin a shekaru ɗaya.