Tambaya da Amsa: Su wa ke magana da yawun masu kayan ƙwalama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ji a labarai wai ƙungiyar kamfanonin kayan ƙwalama ta soki wata doka a Turai, abin ya ɗaure min kai. Mutanen da ke gasa da juna wajen sayar da soyayyen dankali na leda da gugguru, me ya haɗa su ƙungiya ɗaya? Kuma in sun yi magana kan lafiya, a yarda da su? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. A kanta ne suke gaba, amma akwai abubuwan da in sun taso sai su dami kowa lokaci guda: haraji, dokar rubutun jikin leda, tsadar mai da dankali. Kamfani ɗaya in ya je wurin 'yan majalisa sai a ce son kai ne. In suka haɗa kuɗi suka ɗauki lauyoyi da masana, sai a ce masana'anta ce ta yi magana. Aikin ƙungiyar ke nan, kamun ƙafa, sai shirya baje koli da horar da ma'aikata.

Abin ya daɗe. Masu alewa a Amurka sun kafa tasu tun 1884 a Chicago. Masu soya dankali suka biyo baya a 1937 da National Potato Chip Institute, wadda yanzu ake kira SNAC International. Ta Turai kuma, European Snacks Association, ofishinta na Brussels, kusa da inda ake rubuta dokokin Tarayyar Turai. Ba banza suka zauna nan ba.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka taƙaita man girki a Amurka, har masu soya dankali suka ga sana'arsu za ta mutu. Ƙungiyar ta yi ta zarya a Washington har aka sa soyayyen dankali cikin abincin da ƙasa ba za ta iya yi babu shi ba. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai na yi dariya, amma masana'antu da yawa da shi suka tsira.

Sun kuma iya faɗa a kan suna. Da Pringles, wani soyayyen dankali da ake sayarwa a dogon gwangwani, ya shigo kasuwa, masu yanka ɗanyen dankali su soya suka yi caa, suka ce wannan ai garin busasshen dankali ne aka kwaɓa aka zuba a ma'auni, bai cancanci sunan "chips" ba. A 1975 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce in za a yi amfani da sunan, sai an rubuta cewa da busasshen dankali aka yi. Kamfanin ya gwammace ya koma kiran kayansa "crisps".

To, batun lafiya. A 2002 masana a Sweden suka gano sinadarin akirilamayid a cikin abinci mai sitaci da aka soya ko aka gasa da zafin da ya haura digiri 120 na ma'aunin Celsius, kuma ana zargin yana iya jawo kansa. Nan ƙungiyoyin suka yi aikin da ya kamata a yaba: suka tattara dabaru suka raba wa manya da ƙanana. A zaɓi irin dankalin da ba shi da sukari da yawa, kada a ajiye shi a wuri mai tsananin sanyi domin sanyin na ƙara masa sukari, a rage wuta, a tsince waɗanda suka yi duhu kafin a ƙulle leda. Dokar Tarayyar Turai ta 2017 ta sa ma'aunin akirilamayid na maikurogiram 750 (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowane kilo na soyayyen dankalin leda. In kin buɗe leda kin ga duk sun fito ruwan zinare kala ɗaya, babu ƙonanne, wannan aikin ne kike gani.

Amma da ƙasar Chile ta fara tilasta manna baƙin tambari mai kusurwa takwas a 2016 a kan duk abin da gishiri, sukari ko kitse ya yi wa yawa, ta kuma hana zanen da ke jan hankalin yara, kamfanonin abinci da ƙungiyoyinsu adawa suka yi. Gyaran yadda ake soyawa ba ya rage ciniki, shi kuwa tambarin cewa yake yi a yi hattara da saye.

Saboda haka Malama, in suna bayanin yadda ake sarrafa kaya, ina sauraronsu domin su ke gaban kasko. In kuwa maganar nawa ya kamata yaro ya ci ne, likita nake tambaya, sannan in juya bayan leda in karanta yawan gishirin da ke ciki.