Cukun Indiya da mai ciwon suga: nawa za a ci, wanne za a saya?

Tambaya: Na rako mahaifina asibiti a Delhi, yana da ciwon suga. Duk gidan abincin da muka shiga sai mun tarar da paneer. Zai iya ci? In zan saya a kanti, me zan duba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Zai iya ci, amma da awo. Paneer cuku ne da ake yi da madarar saniya ko ta ɓauna, a dunƙule ta da ruwan lemon tsami, kamar dai yadda ake haɗa awara. Yawancin sukarin madarar yana bin ruwan da aka tace, shi ya sa gram 100 ba ya ɗauke da abin tayar da suga fiye da gram 3 zuwa 4, alhali furotin ya kai gram 18 zuwa 20. Inda gizo ke saƙar shi ne kitse: gram 20 zuwa 25 ne, galibinsa irin mai daskarewa, mai ciwon suga kuwa dama zuciyarsa ake wa tsoro. Gram 60 a zama ɗaya ya isa, misalin akwatin ashana biyu.

A gidan abinci, miyar ce abin lura. Shahi paneer da paneer butter masala cike suke da kirim da man shanu, sau da yawa har da sukari, ga naan, gurasarsu ta farin fulawa, a gefe. Ku nemi paneer tikka, wato gasasshe, ko palak paneer na alayyafo, ku ce kada a zuba kirim, a haɗa da capati ɗaya, wato siririyar gurasar alkama. Rasgulla kuma, ko da yake daga irin wannan cukun aka yi shi, a ruwan sukari yake kwance; ya haƙura da shi. A auna sugansa awa 2 bayan cin abinci. Likitoci sukan so kada ya haura 180 a ma'aunin mg/dL.

A kanti, karanta jikin leda: madara da abin tsami kawai ya kamata ka gani. Akwai na kwaikwayo da ake yi da man girki da sitaci. Ka dafa ɗan gutsure, ya huce, ka ɗiga aidin. In ya koma shuɗi mai duhu, akwai sitaci. Gwajin ba ya tona asirin mai.

In ciwon ya taɓa ƙoda, a tambayi likitansa tukuna, don akan taƙaita wa irinsu furotin.

Tambayar wata: Ina Kano, zan iya yin paneer a gida?

Amsa: Sosai ma, Hajiya. Ki tafasa madara lita 1, ki sauke, ki riƙa zuba ruwan lemon tsami cokali 2 zuwa 3 kaɗan-kaɗan kina juyawa, har ruwan ya ware ya yi ɗorawa-ɗorawa. Ki juye a ƙyalle mai tsabta, ki ɗauraye tsamin, ki danne da tukunyar ruwa minti 40. Za ki samu gram 150 zuwa 200. In kika bar shi yana tafasa bayan kin zuba tsamin, zai yi tauri kamar roba. Madarar kwali mai daɗewa ba ta dunƙulewa da kyau. Ta ruga ta fi, muddin ta tafasa sosai. Ki ajiye a firiji, ki cinye cikin kwana 3.