Daga Bironks zuwa gundumar Broward: lissafin da ya kamata a yi kafin a ɗaure kaya

Wani ɗan'uwa ya rubuto daga unguwar Bironks ta Niyok a Amurka. Yana da katin zama na dindindin, sana'arsa tuƙin tasi, yana da mata da 'ya'ya uku, ya kuma tara kuɗin da ya kai dala 60,000. Ya ce sanyi da haraji sun ishe shi, yana so ya koma gundumar Broward ta jihar Fulorida ya sayi gida, ya buɗe shago ko ya riƙa tura motoci Afirka ta Yamma. Yayansa da ke Kano ma yana so ya zuba jari, da fatan hakan zai sama masa biza.

Malam, abin da ka ji game da wurin ba ƙarya ba ne. Broward tana bakin tekun Atlantika, tsakanin Mayami da Palm Beach, mutanenta sun kusa miliyan biyu, babban birninta Fort Lauderdale. Ba a ganin ƙanƙara. Jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga daga hannun mutum, alhali a Niyok kana biyan na tarayya, da na jiha, da na birni. Akwai tashar jiragen ruwa ta Port Everglades, da babban filin jirgin sama, da jirgin ƙasa na Brightline da ya fara kaiwa Olando a 2023. Sai dai kuɗin da za ka tsira da su daga hannun mai haraji suna da wasu ƙofofin fita, kuma mafi faɗinsu ita ce inshora.

Mu fara da gida, don nan ne ake yawan tafka asara. Lokacin mahaukaciyar guguwa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Inshorar gida a Fulorida tana cikin mafi tsada a Amurka, kuma duk wanda zai ba ka kuɗin sayen gida, banki ne ko kamfanin da ke bin tsarin Musulunci, sai ya tilasta maka yin ta. A cikin takardar akwai kason da kai za ka ɗauka idan guguwa ta yi ɓarna, yawanci kashi 2, 5 ko 10 cikin ɗari na ƙimar da aka yi wa ginin. Gidan da aka yi wa inshorar dala 400,000 a kan kashi 2, dala 8,000 na farko daga aljihunka za su fito. Ambaliya kuma ba ta ciki sam, inshorarta daban ce, kuma ta gwamnatin tarayya a mafi yawan lokuta sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, saboda haka ba a jira sai hadari ya haɗo. Ranar 12 ga Afrilu 2023 an zuba ruwan da ya kai inci 25 a Fort Lauderdale cikin yini guda, har aka rufe filin jirgin sama, kuma ba guguwa ba ce ma. Kafin ka sa hannu a ciniki, ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ka tambayi shekarun rufin, ka biya a duba abubuwa huɗun da masu inshora ke nema a tsohon gida: rufi, wayoyin lantarki, famfo da na'urar sanyaya ɗaki. Tsohon rufi shi kaɗai ya isa kamfani ya ƙi karɓar gidan.

Harajin gida yana da nasa tarkon. Wanda ya daɗe a gidansa yana biyan kaɗan, domin doka ta hana a ɗaga ƙimar gidan zama fiye da kashi 3 a shekara. Da zarar an sayar, ana sake ƙiyasta shi a kan farashin kasuwa. Don haka adadin da dillali zai nuna maka na tsohon mai gida ne, naka zai iya ninka shi. Akwai rangwamen kusan dala 50,000 a ƙimar gidan da mutum ke zaune a ciki, amma sai ya kasance naka ne kuma kana ciki ranar 1 ga Janairu, ka kuma nema kafin 1 ga Maris a ofishin mai ƙiyasta kadarori na gunduma.

Za ka ga ɗakuna a dogayen benaye da araha mai ban mamaki. Ka yi hattara. Bayan rushewar wani bene a garin Surfside, kusa da Mayami, a Yunin 2021, inda mutum 98 suka rasu, jihar ta yi dokar da ta wajabta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama da tara kuɗin gyara. Masu ɗakunan ne ke biya, wani lokaci dubban daloli a kan kowane ɗaki, ban da kuɗin ƙungiyar mazauna na wata-wata. Arahar daga nan ta fito. Ka nemi rahoton binciken da lissafin asusun ƙungiyar a rubuce.

Shawarata a nan ɗaya ce: ka kama haya shekara guda, ka ga damina da zafin Agusta da kuɗin wutar sanyaya ɗaki, sannan a yi maganar saye.

Buɗe kamfani shi ne mai sauƙin. Rajistar LLC, wato kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan dukiyar mai shi, a shafin Sunbiz na jihar dala 125 ce. Lambar harajin kamfani, wato EIN, kyauta ce a wurin hukumar harajin tarayya ta IRS, kada ka biya kowa. Sai rajista da hukumar harajin jiha idan za ka sayar da kaya, domin harajin sayarwa a Broward kashi 7 ne, 6 na jiha, 1 na gunduma. Sai takardar harajin kasuwanci ta gunduma da ta birnin da shagon yake, guda biyu, ana sabunta su kafin ƙarshen Satumba. Abin da ke kama sababbin zuwa shi ne rahoton shekara: dala 138.75 tsakanin 1 ga Janairu da 1 ga Mayu, wanda ya makara da kwana ɗaya tarar dala 400 ce, wanda ya yi biris kuma a soke kamfanin a watan Satumba.

Mai wuyar shi ne masu saye. Baƙaƙen fatar da suka cika Lauderhill da Miramar da yawansu 'yan Jamaika ne da Haiti. Shagon daddawa da kuka da garin tuwo da ke ci a Bironks ba zai sami irin wannan jama'a ba. Naman halal da kayan abincin da za su haɗa Musulmin ƙasashe daban-daban da mutanen Karibiyan sun fi alamar tafiya, musamman kusa da masallatan Sunrise, Pembroke Pines da Pompano Beach. Batun motoci kuwa, harkar Port Everglades ta fi karkata ga Kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan. Motocin da ake turawa Legas, Kwatano da Tema sun fi tashi daga tashoshi irin su Jacksonville, Baltimo da Newark, kuma Jacksonville tafiyar kusan awa biyar ce daga Fort Lauderdale. Newark kuwa tana bakin ƙofarka yanzu. Lasisin dillancin mota a Fulorida yana buƙatar wurin kasuwanci na gaske da takardar lamuni ta dala 25,000, kuma kwastan na son asalin takardar mallakar mota awa 72 kafin a ɗora ta.

Tasi ma ba kamar Niyok ba ce. Kusan kowa da motarsa, ciniki ya fi kauri daga Disamba zuwa Afrilu lokacin da masu gudun sanyi da masu shiga jiragen yawon buɗe ido ke cika gari, ya yi sanyi da bazara. Uwargida ma za ta buƙaci mota, ga inshorar mota mai tsada. Kuma Fulorida ba ta faɗaɗa Medicaid, shirin inshorar lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ba, saboda haka babba mai ƙaramin ƙarfi da ke samun kulawar asibiti kyauta a Niyok zai iya rasa ta a can. Ka bincika wannan kafin komai idan akwai mai ciwon suga ko hawan jini a gidan.

Takardu: cikin kwana 10 da sauya gida ka sanar da hukumar shige da fice ta fom AR-11, wajibi ne ga mai katin zama. Rajistar mota cikin kwana 10 da kama aiki ko sa yara makaranta, da kuɗin rajistar farko dala 225, lasisin tuƙi cikin kwana 30. Fasfon Nijeriya kuma ofishin jakadanci na Atlanta za ka nufa. Idan akwai wanda zai biyo ku da takardunsa ba su kammala ba, ya sani jihar tana da tsanani: tun Yulin 2023 duk kamfani mai ma'aikata 25 zuwa sama sai ya tantance izinin aikin sabon ma'aikaci ta tsarin intanet na gwamnati, E-Verify. Wanda ke da shari'a a kotun shige da fice kada ya motsa sai ya ga lauyansa.

Ga Yaya na Kano, a gaya masa gaskiya. Baƙo yana iya mallakar gida ko kamfani a Fulorida, amma wannan ba ya ba shi biza ko izinin aiki. Bizar 'yan kasuwa ta E-2 ta 'yan ƙasashen da ke da yarjejeniya da Amurka ce. Kamaru tana ciki, Nijeriya da Nijar da Gana ba sa ciki. Hanyar EB-5, wato samun katin zama ta zuba jari, tana farawa daga dala 800,000 tare da samar da ayyuka 10. Ranar da zai sayar da gidan za a riƙe kashi 15 na farashin saboda haraji, idan kuma rai ya yi halinsa, dala 60,000 kawai ake yafewa kafin harajin gado ya hau dukiyar baƙo. Idan duk da haka yana so, kuɗinsa su shigo ta banki da shaidar inda suka fito, a rubuta kason kowa a yarjejeniyar kamfanin, kuma lauya ya duba ta kafin a tura ko sisi.