Shin mai gudun gulutin zai iya cin tafiyoka da sauran abincin rogo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya tabbatar ƴata mai shekara 7 tana da cutar siliyak, ya ce a raba ta da alkama kwata-kwata. To na ga ana saida tafiyoka a kanti, an ce daga rogo ake yin ta. Zan iya ba ta? Garin kwaki da alabo kuma fa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Eh, za ki iya ba ta. Gulutin, abin da ke lalata hanjin mai cutar siliyak, wani furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin Turai da ake ce wa rai, shi kuwa rogo saiwa ce, babu abin da ya haɗa shi da dangin nan. Tafiyoka sitacin rogo ce zalla da aka tace aka busar, garin kwaki da alabo ma in dai rogo ne tsantsa duk lafiya lau.

Amma fa inda ake samun matsala shi ne hanyar da abincin ya biyo kafin ya zo kwanon yarinya. Na farko injin niƙa, kin kai alabo inji, wadda ta riga ki ta niƙa alkamar tuwo ko ta finkaso, ai ragowar tana cikin injin kuma garinki za ta bi, ga shi mai siliyak ɗan kaɗan ma ya isa ya ci gaba da lalata mata ƙaramin hanji ko da ba ta ce cikinta na ciwo ba. Ƙa'idar da duniya ke bi ita ce kar gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya na abinci kafin a ce babu shi, kin ga kuwa ƙurar inji kaɗai ta isa ta haura wannan. In da hali ki sayi ƙaramin injin gida nata ita kaɗai, ko a daka a turmin da ba ya ganin alkama, har rariya da muciya a ware mata.

Sai ɗanwake, wanda shi ne ya fi yaudarar mutane. Asalinsa wake ne da rogo da kuka da kanwa, amma yanzu da yawa fulawa suke zubawa, wasu ma fulawa ce zalla, don haka na saye kam ban yarda ki ba ta ba. Ƙosan rogo ma ki tambaya ko a man da aka soya fanke aka soya shi. Burodin da ake kira na rogo a Najeriya kuwa yawancinsa fulawar alkama ce aka surka da ɗan garin rogo, ki bar shi. Tafiyokar kanti ki karanta jikin leda, haka dunƙulen magi don wasu akwai alkama a ciki, lemon malt kuma daga sha'ir yake.

Ni abin da ya fi damuna ma kar tafiyoka ta zama abincinta na kullum. Kusan babu komai a cikinta sai sitaci, furotin ɗin bai taka kara ya karya ba, ba sinadarin ƙarfe mai ƙara jini ba wani sinadarin kirki, kuma tana saurin ɗaga suga, alhali yaran da aka gano suna da siliyak da yawa sun riga sun yi ƙarancin jini da rashin girma saboda hanjin ya daɗe bai tsotsar abinci yadda ya kamata. In za ki dama mata ki sa madara ko gyaɗa, amma tushen abincinta ya zama gero da dawa da acca da shinkafa da masara da wake, ga ƙwai da kifi da zogale, duk babu gulutin kuma sun fi rogo amfani nesa ba kusa ba.

Shi kansa rogon akwai guba irin ta sayanaid a cikinsa musamman mai ɗaci, ferewa da jiƙawa da shanya da dafawa sosai su ke fitar da ita, kar a ba yaro ɗanye.

Sannan ciwon yana bin jini, kusan 1 cikin 10 na iyaye da ƴan'uwan mai shi ana samunsu da shi, to ki kai sauran yaran gwajin jini tun suna cin alkama, don in aka daina kafin gwaji sakamako zai iya nuna babu alhali akwai.