Kwaikwayon Cobra na haɗa-da-kanka: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Na daɗe da son motar Shelby Cobra. Na ga ana sayar da kwaikwayonta a warwatse, mutum ya haɗa da kansa a gareji. Na ɗan iya kwance da ɗauri. In saya?

Amsa: Malam, ba kai kaɗai ba ne. Tun da Carroll Shelby, Ba'amurke ɗan tseren mota, ya ɗora injin Ford V8 a bodin motar AC Ace ta Ingila a 1962, mutane ke mararin wannan mota. Na asali kusan 1,000 kawai aka ƙera zuwa 1967, kuma ta farkon an yi gwanjonta a 2016 kan dala miliyan 13.75. Shi ya sa kasuwar kwaikwayo ta bunƙasa.

Abin da masu ita suka fi nanatawa shi ne, kuɗin akwatin kayan haɗin somin-taɓi ne. Kamfani irin Factory Five na jihar Massachusetts a Amurka zai aiko maka da shasi da bodi da tarin ƙarafa, amma injin da giya da tayoyi da fenti duk a wuyanka suke. Ɗaura injin ma ba shi ne ke karya gwiwa ba. Bodin na faiba ne, ba ya zuwa a gyare. Sai an goge, an cike, an sake gogewa, an yi ta daidaita ƙofa har ta rufu ba gibi, sannan mai fenti ya karɓa. Nan da wayarin ne aiki ke tsayawa, motar ta yi shekaru a lulluɓe da tampol. Idan aikin hannun kansa ne ke faranta maka rai, ka saya, za ka ji daɗin da mai sayen sabuwa bai sani ba. Idan tuƙin ne a ranka, ka nemi wadda wani ya gama, ko irin ta kamfanin Superformance da ake ƙerawa a Afirka ta Kudu, tana zuwa da fentinta, injin da giya kawai za ka saka.

Kada ka biya ko sisi sai ka san yadda za a yi mata rajista. A Birtaniya sai ta ci gwajin IVA, wato binciken hukuma na lafiyar mota, kafin ta hau titi, a Amurka kuwa kowace jiha da dokarta.

Tambaya: Za ta yi mini zirga-zirgar yau da kullum?

Amsa: Gaskiya a'a. Ba ta da rufin kirki, zafin injin yana dukan ƙafa, salansar da ke gefe kuma tana ƙona ƙwaurin wanda ya sauko da garaje. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarfin injin ya yi wa nauyinta yawa, ga ta gajera, kuma yawanci babu jakar iska ko birkin ABS mai hana taya cijewa. Ka taka totur da ƙarfi a kwana ko a jiƙaƙƙen titi, bayanta ya juya. Mai sabon hannu ya fara da injin matsakaici.

Tambaya: Na samu wadda wani ya fara haɗawa ya gaji, da araha.

Amsa: Ka tafi da bakanike da littafin haɗin, ku ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya. Ka karɓi takardar shaidar kamfani da rasit na injin da giya, domin masu rajista za su nema. In babu takardun, ka bar masa abarsa.