Tambaya da Amsa: Idan WhatsApp Ya Ƙi Aiki, Kada a Yi Saurin Goge Shi

Saƙonnin da suka taru mana a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya: manhajar hira ta tsaya cak. Mun zaɓi shida daga ciki. WhatsApp aka fi tambaya a kai, don haka da shi muka yi misali, amma yawancin matakan za su yi aiki a Telegram da Messenger da Signal.

Tambaya: Assalamu alaikum. Tun jiya saƙonnina ba sa tafiya, alamar agogo kawai nake gani a gefensu, alhali ina da data. Abokina ya ce in goge WhatsApp ɗin in sake saukewa. In yi hakan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da gogewar tukuna, kada garin neman gira a rasa ido. Ita kanta alamar da kake gani ta faɗa maka rabin matsalar. Agogo yana nufin saƙon bai ma bar wayarka ba. Da tik ɗaya ka gani, da mun ce saƙon ya isa kwamfutocin kamfanin, wayar wanda ka aika wa ce a kashe ko ba ta da intanet, kuma kamfanin zai riƙe saƙon har kwana 30 yana jiran ta dawo. Tunda agogo ne, laifin bai wuce wuri uku ba: intanet ɗinka, ko wayarka, ko kamfanin kansa.

Ka fara buɗe Chrome ko wata burauza ka nemi shafin da ba ka taɓa shiga ba. Mun ce sabo ne saboda tsohon shafi yana iya buɗewa daga abin da wayar ta adana, ya ruɗe ka. In bai buɗe ba, intanet ne. Ka kunna alamar jirgin sama na daƙiƙa 30 ka kashe, wannan zai sa wayar ta sake neman sabis daga farko. In layi biyu ne a wayar, duba ko datar tana kan layin da ka saya wa. Wannan kuskuren ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Ka kuma duba irin datar, don akwai wadda ta dare ce kawai, akwai wadda wasu manhajoji kaɗai take yi wa aiki. In kana kan Wi-Fi ka koma data, in kana kan data ka gwada Wi-Fi. In akwai VPN a kunne, kashe shi.

To in shafin ya buɗe garau amma WhatsApp bai motsa ba, tambayi wani da ke kusa da kai wanda layinsa ba irin naka ba ne. In shi ma haka yake fama, daga kamfanin ne, kuma babu abin da za ka latsa ya gyaru. A ranar 4 ga Oktoban 2021 WhatsApp da Facebook da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida, saboda kuskuren saiti a na'urorin da ke haɗa cibiyoyin kamfanin. Wanda ya goge manhajarsa a irin wannan lokaci ya ƙara wa kansa aiki, domin ko rajista ba zai iya sakewa ba sai sun farfaɗo.

In kai kaɗai ne, kashe wayar ka kunna. Bai yi ba, shiga saitin waya, ɓangaren manhajoji, zaɓi WhatsApp, ka latsa "Force stop", sannan ka sake buɗe shi.

Tambaya: Da na buɗe WhatsApp sai ya nuna fari fat ya rufe kansa. Na yi ta gwadawa har na gaji. Akwai hirarrakin kasuwancina na shekara uku a ciki, ina tsoron kada su salwanta.

Amsa: Hajiya, hirarrakinki suna nan cikin wayar, matuƙar ba ki taɓa abu biyu ba: goge manhajar, da maɓallin da aka rubuta wa "Clear data" ko "Clear storage". Dalilin kuwa, WhatsApp ba ya ajiye hirarki a wajensa. Da zarar saƙo ya isa wayarki sai ya share shi daga kwamfutocinsa. Abin da ke cikin wayar, da kwafin da kika tura Google Drive ko iCloud, su ke nan. A nan ya bambanta da Telegram, wanda yake ajiye hirar yau da kullum a wajensa, ko an goge aka dawo za a tarar da ita.

Abu na farko, duba ma'adanar wayar. Manhajar tana rubutu a cikin rumbun saƙonninta duk lokacin da aka buɗe ta, in ba ta samu gurbin rubutu ba sai ta faɗi. Wayar da saura 'yan megabait ta cika, ita ce kan gaba wajen wannan ciwo. Ki rage bidiyo da manhajojin da ba kya amfani da su har ki samu sararin gigabait ɗaya aƙalla; shawararmu ke nan.

Na biyu, shiga Play Store ki sabunta WhatsApp. Tunda kina ciki, ki nemi Android System WebView da Chrome su ma ki sabunta su. WebView wani ɓangare ne na Android da manhajoji da yawa ke jingina da shi, kuma a watan Maris na 2021 wata sabuntawarsa mai matsala ta sa manhajoji irin su Gmail suka riƙa rufe kansu a wayoyi masu yawa. In ba WhatsApp kaɗai ke faɗuwa ba, shi za ki fara zargi.

Na uku, saitin waya, manhajoji, WhatsApp, ma'adana. Za ki ga maɓallai biyu kusa da juna. "Clear cache" yana share tarkacen wucin gadi ne kawai, ba ya taɓa hira, shi za ki latsa. Maƙwabcinsa "Clear data" kuwa yana mayar da manhajar kamar yau aka sauke ta. Ki karanta sau biyu kafin yatsa ya sauka, kuma in za ki miƙa wa wani wayar ya duba miki, ki faɗa masa wannan da bakinki. A iPhone babu maɓallin share tarkace. Akwai "Offload App" a ƙarƙashin ma'adanar waya, wanda ke cire manhajar ya bar bayananta, sai a sake saukewa.

In duk an yi haka bai tashi ba, sai a zo kan gogewa, amma da shiri. Tunda manhajar ba ta buɗuwa, ba za ki iya yin sabon kwafi daga cikinta ba. Ki shiga Google Drive, ɓangaren ajiyar kwafi, ki ga ranar da aka yi na ƙarshe. Duk abin da ya shigo bayan wannan rana ba ya ciki. A lura, daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 kwafin WhatsApp ya fara cin rabonsa daga gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, don haka in wurin ya cika, mai yiwuwa an daɗe ba a yi kwafin ba ba tare da kin sani ba. Akwai kuma kwafin cikin gida da Android ke yi kullum da ƙarfe 2 na dare. A sababbin wayoyi yana cikin Android, media, com.whatsapp, WhatsApp, Databases. Ki kwashe jakar WhatsApp ɗin gaba ɗaya zuwa kwamfuta kafin ki goge komai. Wajen dawowa, sai da lambar waya ɗaya da asusun Google ɗaya, kuma ki amince da dawo da hira a lokacin da ya tambaya, don in kika tsallake ba zai sake tambaya ba.

Tambaya: Tawa manhajar cewa take kwanan watan wayata ba daidai ba ne, ta ƙi shiga.

Amsa: Shiga saitin kwanan wata da lokaci, ka kunna na kai tsaye daga layi, har da yankin lokaci. In kwanan watan daidai yake amma gargaɗin bai ɓace ba, WhatsApp ɗin ne ya tsufa wa'adinsa ya ƙare, sai ka sabunta. In Play Store ya ƙi ba ka sabo, wayar ce aka bari a baya: tun Oktoban 2023 ya daina aiki a Android da bai kai 5.0 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wannan ba shi da gyara sai canjin waya.

Tambaya: Saƙo ba ya shigo mini sai na buɗe manhajar da kaina, sai su zubo lokaci guda. Mutane na ganin kamar share su nake yi.

Amsa: Malama, wayarki ce ke kwantar da manhajar barci don tattalin batir. Wuri uku za ki duba a ƙarƙashin WhatsApp cikin saitin waya. Na batir, ki cire masa takunkumi. Na data, ki ba shi damar shan data ko ba a buɗe yake ba, kuma in kin kunna tsimin data ki sa shi cikin waɗanda aka yafe wa. Na sanarwa, ki tabbatar a kunne take, domin daga Android 13 sai mai waya ya ba manhaja izini kafin ta yi sanarwa, kuma da yawa kan ƙi amincewa ranar farko su manta. Wasu wayoyin suna da nasu saitin na barin manhaja ta tashi da kanta. Ki kunna masa. Su kuwa manhajojin nan masu iƙirarin wanke waya da ƙara mata gudu, ki cire su. Aikinsu ke nan, kashe abin da ke jiran saƙonki.

Tambaya: An fitar da ni daga WhatsApp bayan wani ya kira ya ce taron guruf ne, na karanto masa lambobi shida. Yanzu na nemi sababbin lambobin sun ƙi zuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ba lalacewar manhaja ba ce, sace maka asusu aka yi. Lambobi shidan nan su ne mukullin yin rajistar lambarka a wata waya. Maganin shi ne ka sake rajista: da zarar ka shigar da sababbin lambobin da za a turo wa layinka, za a fitar da ɓarawon. Ka zaɓi ƙasarka daidai, ka rubuta lambar ba tare da sifirin farko ba, ka tabbatar layin yana karɓar saƙon tes. Kada ka yi ta latsa neman lambobin, kowane latsi da kowane kuskure yana iya ƙara tsawon jiran. Ka bari agogon jiran da manhajar ke nunawa ya ƙare, sannan ka zaɓi a kira ka a karanto maka.

In bayan haka ya nemi wasu lambobin sirri da ba kai ka saka ba, ɓarawon ya kunna tabbaci mai mataki biyu. Sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da su ba, amma shi an riga an kore shi tun lokacin da ka shigar da lambobin tes. Kafin nan ka sanar da 'yan'uwa ta kira cewa duk wanda ya nemi kuɗi da sunanka ba kai ba ne. Da ka shiga, ka saka naka lambobin sirrin da imel, ka duba jerin na'urorin da aka haɗa ka cire wadda ba ka sani ba.

Tambaya: Ina amfani da GB WhatsApp, yanzu an rubuta mini an dakatar da ni na wani lokaci, agogo yana ƙirgawa.

Amsa: Ba kamfanin ne ya yi GB WhatsApp da WhatsApp Plus ba, kuma amfani da su ya saɓa wa ƙa'idarsa. Dakatarwar wucin gadi gargaɗi ce, in ka ci gaba tana iya zama ta dindindin. Ka kwafe hotuna da takardun da kake buƙata, domin babu tabbacin hirar za ta biyo ka. Ka bar agogon ya ƙare, ka goge na jabun, ka sauke na ainihi daga Play Store ka yi rajista da lambarka.