Amsa ga ɗiyata a kan yankewar tallafin abinci

Ɗiyata, saƙonki ya iso gare ni, na kuma karanta shi sau biyu kafin na zauna ba ki amsa. Kin ce shirin da ke ba gidanku tallafin abinci duk wata ya tsaya saboda kuɗinsa sun ƙare, abin da maigidanki ke samu kuma ba ya kai ku ƙarshen wata, sannan kin tambaye ni ko ya dace a al'ada ki sanar da dangi, ko kuwa yin haka tona asirin miji ne. Amsata ita ce ki sanar da su, da sanin maigidanki da yardarsa, kuma tun da sauran abinci a ɗaki.

Ki fara cire wa ranki cewa wannan abu gazawarku ce. Irin waɗannan shirye-shirye a kan kasafin kuɗi da alherin masu bayarwa suke tsaye, ranar da aka rufe bakin aljihu kuwa, ranar suke durƙushewa. Hukumar Abinci ta Duniya kanta da gudummawar sa kai take aiki, shi ya sa idan ƙasashe suka rage bayarwa sai ta rage rabon da take ba kowane gida, daga baya ta rage yawan gidajen. Ko a Amurka, inda a 2025 mutum sama da miliyan 40 suke dogaro da SNAP, shirin gwamnati na tallafin abinci, biyan watan Nuwamba na 2025 ya gamu da cikas sa'ad da ayyukan gwamnati suka tsaya cak har kwana 43. Abin da ya girgiza wannan, ina ga naku?

Maganar kunya kuwa, a nan nake so ki saurare ni da kyau. Na san wata maƙwabciyarmu, Allah Ya jiƙanta, wadda idan magariba ta yi takan fito da tukwanenta ta wanke su da ƙarfi don a ji ƙararsu, alhali ko wuta ba ta hura ba tun safe. Yaranta sun koyi cewa “mun ƙoshi” kafin a tambaye su. Ba mu farga ba sai da autanta ya kwanta ciwo, likita ya ce yunwa ce. Har yau idan na tuna ina jin nauyin abin, domin katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma da ta buɗe baki da ko kwana ɗaya ba za su yi a haka ba. Kunyar da magabata suka yaba ita ce ta mai lafiya da ke kauce wa roƙo alhali yana da hanyar nema. Ba su taɓa yaba wa uwar da ta rufe yunwar 'ya'yanta don gudun baki ba.

Addini ma ya fayyace wannan. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya halatta tambaya ga mutum uku, cikinsu har da wanda talauci ya same shi kuma masu hankali uku daga mutanensa suka shaida, har ya samu abin da zai tsaya da ƙafarsa. Ki lura da sharaɗin shaidar dangi, domin yana nuna cewa tun asali ana son na kusa su san halin da ake ciki. Manzon Allah (SAW) ya kuma yabi Ash'ariyyawa, wata ƙabila daga Yaman, saboda idan abincin iyalansu ya yi ƙaranci sukan tattara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya, su raba daidai da mazubi ɗaya. A shekarar yunwa ta 18 bayan Hijira, Sayyidina Umar da kansa ya rubuta wa gwamnoninsa yana neman agajin abinci ga mutanen Madina, ba wanda ya ce ya zubar da girmansa.

Sai dai akwai ladabin faɗa. Kada ki baza maganar a taron mata, kada kuma ki ɗora laifi a kan maigidanki. Ku zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙe sirri, ɗaya daga danginsa, ɗaya daga namu, ku faɗi buƙatar da adadinta da wa'adinta, domin wanda aka ce masa “muna cikin wani hali” addu'a kawai zai yi, wanda kuma aka gaya wa abin da ya rage da kwanakin da zai kai, shi ya san inda zai sa hannu. Maƙwabtan da aka yanke wa tallafi tare da ku, ku haɗa kuɗi ku yi saye a dunƙule, ya fi arha.

Kada ki yar da takardunki na shirin. Ki koma ofishinsu ki tambaya ko dakatarwa aka yi ko rufewa, ki tabbatar sunanku na nan a rajista, ki kuma nemi sanin ko akwai wani shiri daban na ƙananan yara da masu shayarwa, tunda sau da yawa asusunsa daban ne. Abu biyu ne na hana ki: bashi mai ruwa, da sayar da kayan sana'a. Keken ɗinkinki nake nufi, domin na san shi idonki zai fara faɗawa a kai. Wajen rabo kuma, ƙananan yara ne gaba, sai ke da kike shayarwa, kuma ban yarda ki riƙa cewa kin ci alhali ba ki ci ba.

Ni na riga na ji, saboda haka saura biyu. Ki ce wa maigidanki ya kira ni daren Juma'a, zan yi magana da shi ta yadda ba zai ji nauyi ba, ke kuma ki aiko mini da lissafin abin da kuke ci a mako. Ki gaishe mini da jikokina.